Gwaggo Marka Ta Zauna

Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa Malam Zakka yake zuwa coci da takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayar kuma naɗe da tsumma, to ku gyara zama. Shi dai yana gaya wa mutane wai salansar babur ce ta ƙone shi. Wane babur? Zakka da ko keke sai an riƙe masa sirdi! Ruwan wankan jego ne ya dafa shi. Ni Sila nake gaya muku, ni da na yi masa babban aboki ranar aurensa, kuma da ni aka je ban haƙuri, saboda haka ba ji na yi a bakin kasuwa ba.

Ga wanda bai san gidan ba, uwar Zakka ta rasu tun yana tsumma. Yayar ubansa, Gwaggo Marka, ita ta ɗauke shi. Ita kuwa Allah ya ba ta haihuwa amma ba wanda ya tsaya, sai ta tattara duk abin da ke zuciyarta ta juye a kan wannan yaro. A bayanta ya yi ƙyanda, a bayanta ya yi tari. Daddawa ta riƙa kaiwa kasuwa har ya gama makaranta, kuma ita ta yi ta safa da marwa gidan su Afiniki har aka ba shi aurenta. Da Afiniki ta fara haihuwa, uwarta ba ta da rai, Gwaggo ce ta ƙulle kayanta ta tare a gidan. Ita ce saran itace, ita ce ɗora tukunya tun gari bai waye ba, ita ce yanko ganyen darbejiya, ita ce dama kunun kanwa, har mai jego ta gama wanka ta yi ɓul-ɓul. Maza uku Afiniki ta jera, duk haka aka yi.

Kuma kowane suna, sai Zakka ya miƙe a gaban jama'a ya dafa ƙirji ya ce, "Gwaggo, ki sha kuruminki. Ranar da Allah ya ba ni 'ya mace, sunanki ne, ba tambaya." Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba. Tsohuwar nan ba ta taɓa roƙonsa zani ba, ba ta taɓa roƙonsa sabulu ba, wannan alkawarin kaɗai ta riƙe. Kun dai san yadda abin yake a wurinmu: macen da ba ta bar ɗa a duniya ba, takwara ce take hana a binne sunanta tare da ita. Har wata tunkiya take kiwo ta musamman, fara tas, kowa a unguwa ya san ta 'yar takwara ce. Ko ciwo ya kwantar da Gwaggo ba ta yarda a yi maganar sayar da ita.

Ana nan sai Zakka ya tafi wani kwas na karatun Baibul a birni. Bai cika ko damina ɗaya a can ba. Amma da ya dawo, ikon Allah! Ya dawo da laktaya, da tabarau wanda ba magani a ciki, da Baibul mai zik. Zakkan da muka yi kamun gyare tare, yanzu in ba ka ce Malam ba ba ya juyowa. Ka yi addu'ar abinci ya gyara maka. Fasto Dogara na wa'azi, shi yana girgiza kai a bencin gaba kamar mai ɗanɗana miyar da gishiri bai ji ba. Mu dai muka sa masa ido, muka ce zafin sabon karatu ne, zai huce.

Bai huce ba Afiniki ta haihu. Mace!

Ku zo ku ga Gwaggo Marka. Tsohuwar da gwiwa ta hana ta durƙusawa a coci, ran nan rawa ta yi a tsakar gida har ɗankwalinta ya faɗi. Tun kafin a yanke cibi take cewa, "Ku miƙo mini takwarata." Ta ɗora tukunyarta kamar yadda ta saba, tana hura wuta tana waƙa, hayaƙi na sa ta hawaye ba ta ma sani ba.

Shi kuwa uban jaririya, sai na lura ya janye jikinsa. Kullum yana gindin mangwaro yana buɗe shafi yana rufewa, yana bin layi da yatsa. Na je na ce, "Malam, me ya ɓace?"

Ya ce, "Suna nake nema."

Na ce, "Suna? Ai ga suna can a bayan ɗakinka yana hura wuta."

Ya cire tabarau ya dube ni kamar na zubar masa da shayi. Ya ce, "Sila, matsalarku ke nan, ba kwa son ci gaba. Marka sunan mene ne? An haifi mutum ana tsuga ruwa, shi ke nan an lanƙaya masa. Sunan zamanin duhu ne. Ka bincika Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango, ka nuno mini Marka."

Na ce, "To ka haɗa mana. Ka sa Saratu, ka biyo da Marka, kowa ya samu."

Ya yi tsaki. "Saratu! Ka je bakin rijiya yanzu ka ce Saratu, ka ga mata nawa za su juyo. Rahila, Rifkatu, Hannatu, duk an cinye su. Ni sunan da zan sa wa 'yata, ko a gundumar nan kaf ba mai shi."

Na leƙa inda yake karantawa. Wurin nan ne da ake jera wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, na kabilun Isra'ila. Wurin da ko Fasto Dogara in ya iso sai ya lashi yatsa ya buɗe gaba. Na ce masa, "Zakka, ka ji tsoron Allah, ka tuna alkawari." Ya ce in bar masa harkar da ban karanta ba. Na kama bakina na tafi, don a zatona ko da hauka yake yi ba zai kai ga haka ba.

Ranar suna aka kwaso bencinan coci aka jera a ƙofar gida. Matan zumuntar coci sun zo da tulun kiɗansu da kacau-kacau. Gwaggo ta ɗaura sabon zani, ta wanke tunkiyar nan da sabulu ta ɗaure mata jan ƙyalle a wuya, ta zauna a gaba riƙe da igiya. Sai murmushi take yi, mata na tsokanarta, "Yau ranarki ce, uwar biki."

Fasto ya karɓi jaririya, ya yi addu'a, ya miƙa wa Zakka kunne. Zakka ya raɗa masa.

Fasto ya ce, "Na'am?"

Ya sake raɗawa. Fasto ya janye kunnensa ya tsaya yana kallonsa. Da Zakka ya ga ana ɓata masa lokaci, sai ya gyara laktaya ya juyo ga jama'a da kansa, ya ɗaga murya.

"Sunan yarinya Hazzelelfoni!"

Talatu mai guɗa ta riga ta kama hanci ta ɗauko guɗar, sai ta mutu mata a maƙogwaro. Abin da ka ji kawai kukan tunkiya.

Ni Gwaggo nake kallo. Murmushin bai bar fuskarta nan take ba, ya ɗan tsaya tukuna, kamar tana jiran a ce wasa ne. Can ta ce, a hankali, "Zakka, wace ce wannan?"

Abin da yake jira ke nan. Ya zuge zik ɗin Baibul. "Gwaggo, babbar mace ce daga kabilar Yahuza. 'Yar'uwar su Yezreyel da Ishma da Idbash ce."

"Allah sarki. Ban san su ba. Me ta yi?"

"Kamar yaya me ta yi?"

"Aikinta nake tambaya. Ta yi goyo? Ta ɗebo wa wani ruwa? Ta yi jinyar wani?"

Zakka ya yi gyaran murya. "Ba a rubuta wannan ba."

"Mijinta fa? 'Ya'yanta?"

"Ba a rubuta ba."

Ta juya wajen Fasto. "Baba Fasto, kai ne babba. Matar nan me ta yi?"

Fasto Dogara mutumin kirki ne, ba ya iya ƙarya ko ta gyaran zance. Ya share gumi ya ce, "Mama, gaskiya iyakar abin da aka faɗa a kanta shi ne 'yar'uwar waɗancan mutanen ce. Daga nan aka wuce."

Da Zakka ya yi shiru a nan, da wataƙila an lallaɓa. Amma ina! Ya ga jama'a, ya ga dama ta wa'azi. Ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Ku fahimta, shiga Littafi ba da wahalar aiki ba ne, zaɓi ne. Shekaru dubbai ke nan ana karanta sunan matar nan a duniya duka. Gwaggo, ki yi haƙuri, amma naki sunan wa zai karanta shi?"

Kai! Har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni, ni da ba ni na faɗa ba. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Wayyo, ɗan nan!" Daga cikin ɗaki muka ji Afiniki ta fashe da kuka, ashe ita ma ba a yi shawara da ita ba.

Gwaggo ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta ce, "Gaskiyarka, Malam." Ran nan ta fara kiransa Malam. Ta miƙe, ta shiga ta ƙulle kayanta, ta fito ta leƙa fuskar jaririya ta sa mata albarka, ta ja tunkiyarta ta kama hanyar gida. Wutar da ta hura da safe tana nan tana ci a ƙarƙashin tukunya.

To, suna ya watse, shinkafa ta yi kwantai. Gari ya waye, mai jego na jiran ruwa.

Afiniki ta ce masa, "Ni ba ni da magana. Ruwana dai safe da yamma, da kununa. Wanda ya iya nemo suna ya san inda itace yake."

Zakka ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, matan zumunta suna nan. Ya bi su gida-gida. Wannan ta ce bayanta ya riƙe. Waccan ta ce baƙi ta yi daga Funtuwa. Talatu mai guɗa ta ce tun ranar suna maƙogwaronta bai koma daidai ba. Da ya je wajen shugabarsu, Maman zumunta, ta saurare shi tsaf har ya gama, sannan ta ce, "Malam, kada ka damu, za mu sa ku a addu'a."

Haka Malam Zakka ya tuɓe laktaya ya ɗauki gatari. Jama'a, na ga abu! Mutumin da ke gyara wa Fasto wa'azi, ga shi a durƙushe yana hura ɗanyen itace, tabarau ya yi fari da tururi, majina na zuba. Ya hau darbejiya yankan ganye, tururuwa suka sauko da shi. Ya dama kunu ya zabga kanwa kamar mai jiƙa wa shanu, Afiniki ta kurɓa ta furzar, aka zuba wa kare ya sansana ya bar wurin. Ruwan kuwa yau ya yi sanyi, gobe ya ƙare a rabin wanka. Matan unguwa sai su bi ta bayan danga da gangan, su ce, "Sannu da aiki, uwar jego!"

Ana cikin haka ƙafafun Afiniki suka fara kumbura, tsofaffi suka ce rashin wanka mai kyau ne. Ta ce masa in Gwaggo ba ta dawo ba, za ta ɗauki jaririyarta ta tafi gidan yayanta ta ƙarasa wankan a can, kowa ya ji cewa gidan Malam an kasa dafa wa mai jego ruwa. Wannan maganar ce ta ruɗa shi. Washegari yana sauri ya sauke tukunya shi kaɗai, ta kuɓuce, ta juye masa a ƙafa. Ihun da ya yi har gidanmu, kuma ba da sunan kowa a kabilar Yahuza ya yi shi ba. "Wayyo Gwaggo!" ya ce.

Da yamma sai ga shi yana ɗingishi, wai in raka shi gidan Gwaggo ban haƙuri. Na ce zan je, amma ya bar Baibul ɗin a gida ya tafi da bakinsa kawai. Ya ce ai ya riga ya sa alama a wuraren da ke maganar gafara. Na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Abin da muka tarar ya fi ba ni tsoro fiye da a ce mun same ta tana kuka. Tun da nake, ban taɓa ganin hannun Gwaggo Marka ba komai a ciki ba. In ba ɓarar gyaɗa ba, to kaɗin zare, in ba kaɗi ba, to tsintar wake. Ran nan tana zaune a tabarma a gindin bango, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora hannu bisa hannu a cinya. Ga kwandon gyaɗa a gefe ba a taɓa ba. Kaji na cin dawar da ta shanya, a gabanta, ko kora ba ta yi. Tunkiyar na kwance kusa da ita tana tuƙa.

Muka yi sallama, muka durƙusa. Ta amsa da fara'a har da tambayar mutanen gida.

"Sila, kai ma an ɗauko ka? Sannunku. Malam, ya mai jego? Ya mai babban suna?"

Zakka ya ce, "Gwaggo, jikin Afiniki ba daɗi. Ƙafafunta sun kumbura."

"Ayya. Allah ya sauwaƙe." Ta dubi tsumman ƙafarsa. "Kai kuma fa?"

"Tukunya ce."

"Af! Kai ke dafa ruwan? Takwarar jaririyar ba ta iso ba har yanzu? Ko da yake Yahuza da nisa, a yi mata uzuri."

Na sunkuyar da kai ina cizon leɓe. Zakka ya ce, "Gwaggo, na yi kuskure a magana. Ki yafe mini. Ke ce uwata, ke ce ubana."

"A'a, Malam, kada ka ƙara mini matsayi. Ni 'yar'uwar ubanka ce."

"To ki dubi Allah ki dawo. Sunan an riga an faɗa a gaban jama'a, ba ya sakuwa. Amma na yi miki alkawari, in Allah ya sake kawo wata macen..."

Dariyar da ta yi har tunkiya ta miƙe. Ni kaina na ji kamar in shaƙe shi. Ya ga wannan ba ta ci ba, sai ya koma ga abin da ya iya. Ya zuge zik, ya buɗe inda ya sa alama, ya shiga yi mata bayani a kan gafara, da ladan mai hidima, da yadda ba a son mai bi ya zauna hannu sake. Ta bar shi ya yi ta yi har ya gaji don kansa. Kaji kuwa sun kusa gamawa da dawar.

Da ya rufe, ya marairaice ya ce, "Gwaggo, don girman Allah. Ki tashi mu tafi. Wannan zaman da kike yi, na mene ne? Ke da ba kya zama."

Ta juyo gare ni. "Sila, kana wurin ran nan. Matar nan ta cikin Littafi, Baba Fasto ya ce ba ta yi goyo ba?"

Na ce, "Ya ce dai ba a rubuta ba, Gwaggo."

"Ba ta sari itace ba, ba ta dafa wa kowa ruwa ba?"

"Ba a rubuta ba."

"Sai dai 'yar'uwar wasu ce."

"Haka ya ce."

Ta gyaɗa kai, ta gyara zamanta, ta sake ɗora hannu bisa hannu, sannan ta dubi Zakka.

"To ka gani, Malam. Na yi bauta tun kana tsumma, ko kunnen jaririya sunana bai shiga ba. Ita ta zauna abinta ta shiga Littafi. Ni ma 'yar'uwar wani ce. Tashi ka tafi, kada ka sa in motsa a fasa rubuta ni."